Makero ba ya jin man birki

Mu da muke kwana ɗaki ɗaya a makaranta, mu ari hular juna ranar Juma'a, mu yi layi gaban mai aski guda, mun san makero kamar yunwar cikinmu. Yana farawa ɗan zagaye mai ƙaiƙayi, bakinsa ya yi tudu, tsakiyarsa ta washe. Idan a ka ne, gashin wurin ya kakkarye, tsokana ta biyo baya.

Ba tsutsa ba ce, ba kuma alamar ƙazanta ba ce kullum. Wata ƙwayar cuta ce dangin funfunar da ke fitowa a jikin burodi, tana son zafi da gumi, tana bin mataji, tawul, injin aski, har da kyanwar gida. 'Yar uwarta ce ke cin tsakanin yatsun ƙafa idan safa ta daɗe a jiƙe.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne maganin ɗakin kwana: man birki, ruwan batir, man goge baki. Waɗannan ƙuna suke bari. Haka mayukan nan masu haɗi uku da ake saya a kemis. Akwai sitiroyid a ciki, yana kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, cutar kuwa tana ta yaɗuwa a ƙasa.

A asibiti abin ba wuya. A duba, wani lokaci a kankari ɗan ɓawon fatar a leƙa ta madubin likita. Na jiki, man clotrimazole sau biyu a rana, mako 2 zuwa 4, kuma ba a dainawa don an ga ya ɓace. Na ka kuwa shafawa ba ta isa saiwar gashi, sai ƙwaya irin griseofulvin, mako 6 zuwa 8, da izinin likita. Ana son a sha ta bayan abinci mai maiƙo ko da madara, ta fi shiga jiki.

Ƙyasbi daban ne: ƙwayarsa tana fatar kowa, gumi ke tayar da ita, kuma ko an warke launin fata kan ɗauki watanni kafin ya dawo. Amma farin tabon da aka taɓa ba a ji ba, wannan kada a kira shi ƙyasbi a zauna. Kuturta kan fara haka, tana warkewa, maganinta kyauta ne, sai dai a je da wuri.