Kilomita takwas na ƙarshe a Galibier

Sau biyu ya je mashigin Galibier, a tsaunukan Alps na ƙasar Faransa, kuma a zuwan farko bai kai ƙoli ba. Yana da shekara arba'in da tara a lokacin. Ya kwashe ajiyar wata da watanni ya sayi keken tsere na kabon, wanda ko yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, da zaton keken zai mayar wa ƙafafunsa abin da shekaru suka ƙwace. A Plan Lachat, saura kilomita takwas, ya sauke ƙafa, ya zauna bakin hanya yana haki, daga bisani ya juya.

Sai an san fasalin hanyar ake gane inda ta ci shi. Daga garin Saint-Michel-de-Maurienne ake tashi, a fara da hawan Télégraphe, kimanin kilomita 12 cikin itatuwa, zuwa tsayin mita 1,566. A ɗan gangara zuwa Valloire, sannan a fuskanci kilomita 18 zuwa ƙolin Galibier, mita 2,642 sama da teku. Jimillar hawan ta kai kimanin mita 2,000. Bayan Valloire hanyar takan yaudari baƙo, domin kwari take bi a hankali. A Plan Lachat take karya kwana ta miƙe, a kowane mita ɗari na tafiya a hau mita takwas ko tara. A can itatuwa sun ƙare, sanyi ya sauko, kuma iskar da mutum ke shaƙa ta gaza ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Da ya koma gida sai ya ɗauki biro ya yi lissafin da ya kamata ya yi tun kafin ya shiga shago. Shi da keke da gorar ruwa sun kai kilo 85. A hawa mai tsanani, kusan duk ƙarfin da mahayi ke zubawa a feda yana tafiya ne wajen ɗaga wannan nauyi. Rage kilo ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin ɗari da 'yan kai, wato kimanin minti biyu a hawan awa uku. Ko ƙwararru ma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana su keken da ya gaza kilo 6.8. Kuɗinsa masu yawa 'yan mintoci suka saya masa.

Giya ce ta kayar da shi. Mafi sauƙin giyar kekensa haƙora 39 ne a gaba, 25 a baya, saboda haka juyin feda ɗaya yana tura shi fiye da mita uku. A gudun kilomita takwas cikin awa, sau arba'in kacal yake juya feda a minti, kowane juyi kamar ɗaga buhu da cinya. Da 34 a gaba da 32 a baya, wannan gudun juyi sittin ne masu sauƙi, nauyin aikin ya ragu a kan tsoka ya koma kan huhu da zuciya, waɗanda suka fi jure dogon zango. Ya san da haka tun farko. Kunya ce ta hana shi, don abokan hawansa suna kiran babban faifan baya giyar tsofaffi.

Wannan girman kai yana da tarihi. A 1911 gasar Tour de France ta fara ƙetare Galibier, a kan hanya marar kwalta, Émile Georget ne kuma ya fara kai ƙoli. Sai 1937 aka yarda duk 'yan gasar su yi amfani da na'urar sauya giya. Kafin nan, mai son canji sai ya sauka ya kwance tayar baya ya juya ta. Tun daga zamanin aka gaji ra'ayin cewa sauƙaƙa wa kai ragwanci ne, shi ma ya karɓe shi ba tare da tambaya ba.

Bayan shekara biyu ya koma, a watan Yuli, da keken nan dai, an sauya masa faifai. Ya hau Télégraphe a sannu, matasa suna wuce shi yana kallon bayansu. Duk rabin awa sai ya ci wani abu ko ba ya jin yunwa. A Plan Lachat ya saka giyar tsofaffin, ya daina duban ƙoli, ya riƙa ƙirga duwatsun kilomita ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce alamar tunawa da Marco Pantani, wanda ya tsere wa abokan takararsa a wannan hawa cikin ruwan sama a 1998, ya lura cewa ko kishi bai ji ba.

A bakin ramin da motoci ke bi ta ƙarƙashin dutsen, wanda aka haramta wa kekuna, kilomita na ƙarshe ya fi duk na baya tsanani. Ya gama shi a zaune, numfashi na fita da ƙara. A ƙoli akwai ragowar ƙanƙara a gefen hanya. Ya jingine keken, ya ciro rigar iska daga aljihun baya da yatsu masu rawa, ya daɗe yana kokawa da zif ɗin kafin ya kama gangara.