Kafin a Wanke Kwamfuta, Ku Tambayi Inda Hatsinku Yake

Yau wani tsohon labarinmu munka tuna, don jiya mun ga wani bawan Allah a tasha yana salati, wai lambobinsa duka sun ɓace.

Mu 'yan ƙungiyar masu sayen gero da wake ne. Wajen 2010, lokacin da Zain ta koma Airtel, ma'ajinmu yana da wata Nokia. A cikinta yake rubuta komi: lambobin abokan ciniki na Kornaka da Sakabal da Maraɗi, da sunan wanda ya ɗauki buhu nawa, da ranar biya. Wani yaro mai shagon saka waƙoƙi ya ba mu shawara mu riƙa kwafe su a kwamfutarsa da wata manhaja mai suna Nokia PC Suite. Ana jona igiya, ta kwashe lambobi da saƙonni da rubuce-rubuce ta aje. Munka yarda, duk wata muna zuwa.

Ranar wata kasuwa anka sace wayar. Munka ce ba komi, ai muna da ajiya. Munka garzaya shagon, sai yaron ya sunkuyar da kai.

"Baba, ku yi haƙuri. Satin da ya wuce na sake wa na'urar Windows."

"To ɗana, manhajar fa?"

"Na maido ta, amma wayam take."

Wallahi jikinmu ya mutu. Bashin mutane na cikin wannan ajiya, kuma ba kuɗin mutum guda ba ne. In munka koma munka ce wa 'yan ƙungiya lissafi ya ɓace, wa zai yarda ba cinyewa munka yi ba? Sau uku yaron ya cire manhajar ya sake sakawa, shiru.

Wani malamin makaranta da ya zo caji ne ya cece mu. Ya ce manhaja daban, ajiya daban. Ita manhajar tana zama a Program Files, amma abin da ta kwafe yana cikin wani dosiye na mai amfani da na'urar. Sabuwar Windows ta buɗe sabon dosiye, manhajar kuma can take dubawa, shi ya sa ba ta ga komi ba. Tamkar ka gina sabon rumbu ne ka leƙa ciki kana neman geron bara.

Ya tambayi yaron ko ya share faifan C gaba ɗaya. Ya ce a'a, bisa tsohuwar ya ɗora. Malam ya buɗe C, sai ga wani dosiye mai suna Windows.old, inda Windows ke tara tsofaffin kaya. Ya nemi duk abin da sunansa ya ƙare da .nbu. Ga shi nan kwance, na ƙarshen wata. Munka sayi wata Nokia, anka juye. Bashin sati biyu kawai munka nema da baki.

Yau wayoyin sun canza, Tecno da Itel ne a hannunmu, amma matsalar tana nan. In ka zo aje lamba, waya na tambaya: cikin waya, cikin sim, ko cikin asusun Google? Yawancinmu dannawa kawai muke yi. Sim bai ɗaukar fiye da wajen lambobi 250, kuma na cikin waya suna tafiya tare da ita.

Don haka kafin ku ba mai gyara waya ko kwamfuta, ku ce ya nuna muku inda ajiyarku take, ya kwafe ta a katin memori ku sa aljihu. Ku rubuta sunan asusunku da lambar sirrinsa ku adana a gida. Mu dai tun ranar, ma'aji na da littafi a akwati. Allah ya tsare mana amana, amin.