Mu Masu Tsintar Duwatsu

A Sabon Ibadan babu sana'ar da ba ta da ƙungiya. 'Yan goro na da tasu, 'yan canji na da tasu, haka mahauta da masu tsire. Amma tamu ce kaɗai idan an ambace ta sai an yi dariya. Mu ne masu tsintar duwatsu. Ba ma saye, ba ma sayarwa, ba ma haƙa rami. Tsinta muke yi, mu wanke, mu gwada, mu rubuta sunan dutse da inda aka samo shi, mu jera a kwalin ashana ko gwangwanin madara. Wani dattijo a majalisarmu cewa yake, a zamaninsu idan aka ga magidanci yana bin hanya yana cusa tsakuwa a aljihu, rubutu ake nemo masa ya sha.

Ba mu kai mutum ashirin ba. Akwai ni, malamin kimiyya a sakandare, da maƙerin zinariya ɗaya, da direban tirela, da samari biyu da suka taɓa zaman ramin haƙa, sauran kuwa 'yan makaranta ne, maza da mata. Kowace Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wani aji da aka ara mana. Sau ɗaya a wata kuma mu fita, ko mu hau tudun Mokola, ko mu bi gefen rafi bayan an ɗauke ruwan sama, lokacin da zaizaya ta tono abin da ke ƙasa.

Abin da ya haɗa mu ba sha'awa kaɗai ba ce. Kowa ya san garin nan kasuwar duwatsu masu daraja ne. Tun da aka gano jan tomalin a Ofiki wajen 1998, yankin Oke-Ogun bai sake zama yadda yake ba. Komu, Iseyin, Olode, har Ijero a Ekiti, duk akwai yaranmu a ramukan, kuma abin da suka fito da shi yawanci Ojoo yake ƙarewa, a hannun dillalai 'yan Mali da Senegal da Gini da namu na gida. Ɗan maƙwabcina ya yi wata bakwai a can daji. Da ya dawo na ce, "Wane irin dutse kuke fitarwa?" Sai ya ce, "Malam, mai kala dai." Wata bakwai yana shiga rami da igiya, amma bai san sunan abin da yake sayar da ransa a kai ba. To wanda bai san sunan kayansa ba, ina zai san kuɗinsa? Wannan shi ne kaza ta kwana kan dami.

Kayan aikinmu ba su fi ƙarfin kowa ba: farce, wuƙa, ɓallin gilashi, tayil da ya fashe, mayen ƙarfe, tocila, lemun tsami, da ɗan madubin ƙara girma. Darasin farko shi ne tauri. Wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 tun 1812, kowanne yana karce na ƙasa da shi. Lu'ulu'u ne na 10. Farcen mutum wajen biyu da rabi yake, wuƙa da gilashi wajen biyar da rabi, farar ƙanƙarar nan da ta cika tudun garin nan kuwa 7. Tomalin yana tsakanin 7 da bakwai da rabi. Saboda haka idan aka miƙo maka kore shar aka ce tomalin ne, ka goga masa ƙanƙara a gefe ta shige shi kamar sabulu, to kwalba aka fasa aka goge. Haska tocila ma, sau da yawa za ka ga 'yan kumfa a ciki, wanda aikin wutar masana'anta ne. Na gaskiya yana da zane-zane a tsaye a jikinsa, idan ka dube shi ta kai kuma kamar kusurwa uku ne masu kumburi.

Maƙerinmu shi ke koyar da zinariya, kuma ba ya yawan magana. Ajiye ƙwayar yake a kan uwar maƙera ya ɗan buga. Zinariya baje wa take yi, mai kama da ita kuwa sai ya tarwatse ya zama gari. A goga a bayan tayil: zinariya layi rawaya take bari, na bogi baƙi-baƙi. Ranar da ya nuna wannan, ɗaya daga cikin samarin ramin ya yi shiru, can ya ce, "Baba, da na san haka tun bara." Ba mu tambaye shi nawa ya yi asara ba.

Ina so a fahimce ni, waɗannan gwaje-gwajen ba sa faɗa maka farashi. Iyakarsu su nuna maka abin da dutsen ba shi ba ne. Amma wallahi ko wannan kaɗai ya isa ya tsare wa mutum jarinsa.

Akwai kuma ranakun jin daɗi zalla. Direbanmu ya taho mana da farin dutse daga wajen Ewekoro, irin wanda ake yin siminti da shi. Muka kankare gari muka ɗiga lemun tsami, yara suka ga yana ɗan tafasa. Da muka juya shi, sai ga hoton ƙwaryar dodon koɗi na ruwa daram a ciki. Na ce musu inda tireloli ke layi yau, a da can ƙarƙashin teku ne. Wata yarinya 'yar aji biyu ta riƙe dutsen nan har magariba, ta ƙi ba kowa. Na kuma ba su labarin lantana, jan dutsen da fatake Hausawa ke kawowa daga can ƙasar Nijar, masu sana'a a Ilori su huda su goge ya zama tsakiyar da sarakunan Yarbawa ke ado da ita. Ashe kakanninmu ba goro da shanu kaɗai suka sani ba, sun san dutse.

Zama mafi nauyi da muka yi shi ne na tozali. Wata ɗaliba ta kawo na kakarta, ɗanye, ba a niƙa ba. Yana ƙyalli kamar azurfa, ya fi girmansa nauyi nesa, wuƙa na shigarsa ba gardama, idan ya fashe kuma sai ya rabu ƙananan murabba'i. Waɗannan duk alamun uwar dalma ne, irin wadda ake haƙowa a yankin Abakaliki da Zurak. Maƙwabtanmu Yarbawa tiro suke ce masa. A Amurka an taɓa gwada wanda aka kai daga Najeriya ana sa wa wani jariri, aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri kuwa ya murza ido ya kai hannu baki, ita kuma dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa, a hankali, ba zazzaɓi ba kuka. Ban je da niyyar yi wa kowa wa'azi ba, na san matsayin kwalli a wurin iyayenmu mata da kuma a addini. Abin da na roƙa kawai, wanda ba a san asalinsa ba kada a sa wa jinjiri. Kakar da kanta ta aiko a tambaye ni, "To Malam, ni da na shekara sittin ina sawa fa?" Na ce a gaya wa Hajiya jikin babba daban, na goyo daban. An ce ta yi tsaki, amma ta ɗauke tandun daga kusa da jikanta.

Ba wanda ya manta Zamfara a 2010, lokacin da yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Daga nan muka ɗauko dokarmu ta farko: ba a daka dutse a tsakar gida, ba a taɓa turmin abinci da shi, kuma kowa ya wanke hannu kafin ya tashi. Doka ta biyu daga Bodija ta zo. Fashewar daren 16 ga Janairu 2024 har nan Sabo mun ji ta, kuma gwamnatin jiha ta ce nakiyar masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba ce aka ɓoye a gida. Mu baƙi ne masu zaman amana tun 1916, kuma kun san idan irin wannan ta faru, baƙo ake fara kallo. Don haka duk yaron da ya zo wurinmu sai ya ji cewa ma'adinai a ƙasar nan na gwamnatin tarayya ne, haƙa sai da lasisi, kuma ajiyar buhun da ba ka san cikinsa ba, ko na ubangidanka ne, ba taimako ba ne.

Ban ce za mu hana kowa tafiya rami ba. Talauci ne ke tura su, ba mu kuwa da abin ba su a madadi. Amma iyaye, idan ɗanku ya fara zancen Komu ko Ijero, ku turo mana shi Asabar biyu ko uku kafin ya hau mota. Ba a biyan ko sisi. Wanda kuma ke da wani dutse a ƙasan akwati, na gado ko na tsintuwa, ya kawo mu duba tare. Ku dai haɗo da lemun tsami, namu yara sukan shanye kafin a zo gwaji.