Kasetin Gambu da na ƙona

Kawuna na Kebbe yana da kasetin bidiyo ɗaya da yake ɓoyewa a ƙasan adaka. Wani mai kyamara daga Tambuwal ne ya ɗauka, a wani dare da Muhammadu Gambo Fagada, Gambu mai waƙar ɓarayi, ya yi wasa. Irin wannan kaset ba a baje shi a fili, daga hannu sai hannu yake yawo, tsakanin direbobi da 'yan tasha.

Na dawo hutu daga makaranta, ilimi kaɗan yana yi mini zafi a ka. Na ga kasetin, na yanke hukunci ni kaɗai: mai kambama ɓarawo, ɓarawo ne. Ban kalla ba ko na minti ɗaya. Na jefa shi cikin murhu.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana duban tokar, sannan ya ce, "Ɗana, babanka na ciki. Shina zaune gaba, da hula ja."

Ba mu da wani hoton mahaifina mai motsi sai wannan.

Shekaru bayan haka, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na tarar Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kan waƙoƙin mutumin nan na Fagada ta ƙasar Maiyama. Sai a lokacin na zauna na saurare shi. Na ji Sakkwatanci tsantsa irin wanda yake ɓacewa a bakin yaranmu, na ji sunayen garuruwa da kasuwanni, na ji yadda ɓarayin wancan zamani suke tunani, da tsoron da ke bin su. Har yau ba na yabon sata, kuma ina ganin akwai baitocin da suka wuce gona da iri. Shi kansa Gambu ya bar waƙar ɓarayi kafin rasuwarsa a 2016. Amma shi ya san abin da ya bari. Ni kuwa ban san abin da na ƙona ba.

Yanzu nakan bi guntayen bidiyonsa da ke yawo a wayoyi. Ba shi kaɗai nake kallo ba, nakan tsayar da hoton in duba fuskokin 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga hula ja.

Kawu ya rasu ban nemi gafararsa da bakina ba.