Hidimar maƙwabcinmu Kirista da haƙƙinsa a kanmu



Duk wanda ya taɓa kai majinyaci asibitin Galmi, a jihar Tawa, ya ga abin da zan faɗa. Tun 1950 Kiristoci suka buɗe shi, kuma mafi yawan masu kwanciya a gadajensa Musulmi ne. A Danja ma, kusa da Maraɗi, sun shekara da shekaru suna wanke gyambon kuturun da mutane ke ƙyama.

Na daɗe ina nazarin abin da ke ƙarfafa musu gwiwa. A koyarwarsu, Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa, shi ya sa mai binsa ke ganin amfanin ransa a cikin yi wa wani hidima, ko ba a gode masa ba. Sulhu ma ibada ce a gare su. Da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, shugabanninsu yafiya suka yi kira a kai.

Aƙidarmu daban, ba na ɓoye wannan a kan mumbari. Amma haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga Musulmi kaɗai ba, kuma kada mu manta Najjashi, sarkin Habasha, yana Kirista ya ba sahabbai mafaka.

Don haka, ɗan'uwa, in ka ji ana zuga matasa bayan Juma'a, ka tsaya a ƙofar maƙwabcinka ka kare shi. Ka kuma duba unguwarku: wane mara lafiya ne ba a gaishe ba, waɗanne dangi ne ba sa ga maciji da juna? Fara da su yau.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.