Giyar motar tseren Le Mans da babur ɗin da ke zaurenku

1/ Gardamar giyar hannu da atomatik ba ta ƙarewa a majalisun Daura. Ɗan giyar hannu ya ce atomatik ta ragwaye ce, ɗan atomatik ya ce zamani ya wuce ku. To ni dai ga abin da nake son in jefa cikin gardamar: motocin da suka fi kowa wahalar da giya a duniya ba sa amfani da ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da ke cikinsu ya fi kama da giyar babur ɗin ɗan acaɓa. Ku biyo ni a hankali. 🧵

2/ A Faransa akwai garin da ake kira Le Mans. Tun 1923 ake tseren motoci a can na awa 24 cur, dare da rana. Zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 13. Direbobi uku ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, amma ita motar ba ta da mai canzar ta. Cikin masu shiga akwai rukunin GT, wato motocin da asalinsu na titi ne, irin su Porsche 911 da Corvette da Ferrari, aka gyara su don tsere. Irin waɗannan kan ci wajen kilomita 4,000 kafin a tashi.

3/ Ka lissafa sau nawa za a sauya giya a wannan tafiya. Kowace kwana sai an sauko, kowane miƙaƙƙen titi sai an hau. Dubbai ne. Shi ya sa da yawa ba inji ke kayar da su ba, giyabos ne.

4/ Ford sun ɗanɗana. A 1964 suka kawo GT40 guda uku don su ƙure Ferrari. Ɗaya ta kama da wuta, biyu giyabos ya ajiye su. Ga kuɗi, ga inji mai ƙarfi, amma akwatin giyar da suka sayo daga Italiya ya kasa ɗaukar nauyin. Sai a 1966, da wani akwatin mai giya huɗu kacal amma mai ƙwari, suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku.

5/ Wanda ya fi burge ni shi ne na 1988. Jan Lammers, ɗan ƙasar Holan, yana kan gaba da Jaguar, saura kaɗan a tashi, sai ya ji wata ƙara a giyabos. Bai faɗa wa kowa a rediyo ba. Ya bar ta a giya ta huɗu, bai ƙara taɓa sandar ba har aka gama, ga Porsche a bayansa. Da aka kwance akwatin daga baya sai aka tarar ƙarfen ciki ya karye. Da ya sauya giya sau ɗaya, da shi ke nan. Kunne ne ya ci wannan tseren, ba ƙafa ba.

6/ Duk waɗannan giyar hannu ce irin tamu, wadda kake zana H da sanda. Matsalarta: mutum ya gaji ƙarfe uku na dare, yana son ta huɗu hannu ya zame ya faɗa ta biyu. A irin wannan gudun, inji ya tashi aiki nan take.

7/ Yanzu motocin GT3, waɗanda su ne rukunin GT a Le Mans tun 2024, giya shida gare su, kuma bi da bi take shiga. Daga ɗaya sai biyu, daga biyu sai uku, babu tsallake. Duk wanda ya taɓa hawa Boxer ko Jincheng ya san wannan. Ka taka, ta shiga ta gaba. A ciki akwai wata ganga mai tsagi, kowane taku yana juya ta kaɗan, ita kuma ta tura cokulan da ke kama giya. Wallahi tsarin ɗaya ne, girma da ingancin ƙarfe ne suka bambanta.

8/ A motar gida akwai wasu zobba, galibi na tagulla, da ke daidaita gudun giya biyu kafin su haɗu, shi ya sa take shiga da laushi. Idan suka cinye ne kake jin ƙurrr in za ka sa ta biyu. Motar tsere ba ta da su. Wasu haƙora ne masu kauri a gefen giyar, Turawa na ce masu karnuka, suna cafkar juna da ƙarfi. Babu lallashi. Haka ma babur. Ai kun ga yaran nan da ke ɗan sassauta totur su taka giya ba tare da sun kama kulochi ba. Abin da kwamfutar motar tsere ke yi ke nan: ta ɗauke wuta na ƙiftawar ido, giya ta faɗa. Direba ɗan kunne kawai yake ja a bayan sitiyari, na dama hawa, na hagu sauka. Kulochi sai wajen tashi.

9/ Kukan da kuke ji a bidiyonsu, wiiiii, kamar mota na ja da baya? To dalilin ɗaya ne. Haƙoran giyarsu a miƙe aka yanka su, irin na ribas ɗin motarka. Na sauran giyoyinka a karkace suke don kada su dame ka da ƙara.

10/ Akwai kuma mai kulochi biyu, wadda Porsche suka gwada a motocin tserensu tun shekarun 1980. Yau ita ce a tsadaddun motocin titi da yawa. Amma Ferrari 296 da ake sayarwa mai kulochi biyu ce da giya takwas, 'yar'uwarta ta tsere kuwa shida ce bi da bi. Ta fi rashin nauyi, ta fi sauƙin kwancewa a tsakiyar dare.

11/ Kawuna ya yi shekaru yana jan Fijo 504, haɗin Kaduna, tsakanin Daura da Kano ta Kazaure, ran Lahadi kuma lodin kasuwar Mai'adua. Bai taɓa jin sunan Lammers ba, amma akidarsu ɗaya. In ya ga yaro ya ɗora hannu a kan sandar giya yana tafiya sai ya buge hannun. Ya ce, "Kai ɗan nan, sauke hannunka, ba matashin kai ba ce." Ina yaro na ɗauka faɗan tsofaffi ne. Ashe nauyin hannun yana danna cokalin ciki yana cinye shi. Ita 504 ɗin ma ba kanwar lasa ba ce, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna.

12/ Abin da ke damuna shi ne yau. Motocin da ke shigo mana yawanci atomatik ne, wasu ma masu bel a maimakon haƙora, kowace da man giyarta. Wani maƙwabcinmu da ya tara kuɗin sallamarsa ya sayi mota don haya, ya kai ta wani gareji, aka zuba mata jan man da ake zuba wa kowa. Ba ta yi wata uku ba ta fara zamewa a kan hanyar Katsina. Kuɗin wani giyabos ɗin ya fi abin da ya tara tun da ya fara lodi. Motar na nan a ƙofar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

13/ Ban ga laifin bakaniken shi kaɗai ba. A kan 504 da Golf ya koyi aiki, kuma a nan gwani ne. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce wannan daban take.

14/ Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin nan, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Da ni ake tambaya, da na ce a ware ko da Asabar ɗaya a wata a kira masu gareji da yaransu. A shimfiɗa giyabos uku a kan tebur a kwance: na babur, na 504, da na atomatik mai bel. A bar yaron da ke gyaran babura a bakin tasha ya fara bayani, don ganga da cokula da karnukan nan kullum suna hannunsa. Sai dai a gaya masa cewa irinsu ne a cikin Porsche.