Mai zanen da bai je makarantar zane ba

A watan Maris na 2025 Jack Vettriano ya rasu a birnin Nis na Faransa, yana da shekara 73. Mutumin Sikotilan ne, an haife shi a 1951 a yankin Fife, ƙasar masu haƙar gawayi a lokacin. Tun yana saurayi ya bar makaranta ya shiga koyon aikin injiniyan ma'adinai. Da ya cika shekara 21 budurwarsa ta ba shi kyautar akwatin fenti na ruwa, daga nan ya fara zane.

Ba shi da malami. Yakan je gidan ajiyar zane na garin Kirkcaldy ya tsaya gaban ayyukan manya yana kallo, ya koma gida ya kwaikwaya. Haka ya yi shekaru. A ƙarshen shekarun 1980 ya kai zane biyu baje kolin Royal Scottish Academy a Edinbara, aka saye su tun ranar farko. A 1992 ya zana The Singing Butler, wasu mace da namiji suna rawa a bakin teku, barori biyu suna riƙe musu lema. A 2004 aka sayar da shi fam 744,800. Masana zane da yawa sun raina aikinsa, amma da aka baje shi a Kelvingrove na Gilasgo a 2013, mutane fiye da dubu ɗari suka je kallo.

Abin da ya sa nake ba ƴan'uwana malamai wannan labari shi ne kwaikwayon. A aji muna ganin yaron da ya cika bayan kayensa da hoton babur ko raƙumi, sau da yawa ladansa tsawa ce, a gida kuma a ce yana ɓata takarda. Alhali hannunsa da idonsa ne suke karatu. Masu rubuta allunan shaguna da masu zanen bayan manyan motoci a garuruwanmu, yawancinsu ta kallo da kwaikwayo suka koya, kuma da shi suke ci.

Ban ce yaro ya bar lissafi ba. Ina roƙon malami ya ware masa lokaci kaɗan a mako, iyaye kuma su saya masa fensir mai launi da kaye guda na zane.